Dariyar da Na Yi a Ƙasar Armeniya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin coci a tare ni, a bencin da muke zama mu 'yan fansho a tare ni, har mai facin bakin kasuwa sai da ya ce, "Saje, wai da gaske ka ga dutsen da jirgin Nuhu ya sauka?" Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk lokacin da na ba da labarin da baki, sai in tsallake wuraren da ba su yi mini kyau ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi duka, da na daɗi da na kunya. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ɗiyata Rahila ce ta kai ni. Ta gama karatun likita a Yerevan, babban birnin Armeniya, ta nace sai na je bikin. Amma bari in fara da abin da na baro a gida.

Mahaifiyata, Inna, tana wurina a Rikoto, cikin Zuru, tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Tungan Marke, can bayan Wasagu. Abu ɗaya take nema a wurina: in yi mata alkawari idan ta mutu zan kai ta can, a sa ta kusa da mahaifina. Ni kuwa na san yadda hanyar take. Waɗanda suka koma girbi ba duka suka dawo ba. Na ƙi. Da ta matsa, sai na yi halin soja, na kafa doka kada a sake ambaton sunan ƙauyen a gidana. Daga nan ta rage magana, ta rage cin abinci. Ranar da zan tashi na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, zan tafi."

Ta ce, "Kai da kake da wurin zuwa."

Ba ta sa mini albarka ba. Haka na ɗauki jaka.

Daga Zuru zuwa Kontagora ba sai na gaya wa kowa ba, duk wanda ya bi ta Rijau ƙashin bayansa ya sani. An haɗa ni kujera da wata mata mai zabi a kwando, ɗaya ta yi ta saran gwiwata har muka sauka. Na kwana a Abuja wurin ɗan wani abokin aikina, washegari ya kai ni filin jirgi. Ya so ya yi mini bayanin yadda zan canja jirgi a Doha, na katse shi, na ce na hau jirgi tun ba a haife shi ba. Gaskiya ne, amma jirgin soja ne, a kan buhunan shinkafa muka zauna, kuma ba wanda ya ce in nemi ƙofa da kaina. A Doha na yi ta zagaye kamar akuyar da ta ɓace ranar kasuwa, girman kai ya hana ni tambaya. Wata Hajiya 'yar kasuwa daga Sakkwato ce ta ga hulata ta ce, "Baba, tun ɗazu kake wuce ni. Kawo takardar." Ta ja ni har bakin ƙofar, ta sayo mini ruwa, da ta ji wurin wa za ni ta ce in gaida likita.

A Yerevan wata yarinya cikin akwatin gilashi ta daɗe tana duban fasfona tana dubana, sannan ta buga hatimi. Wurin masu binciken kaya ne aka yi ta. Matata Saratu ta cusa mini kuka, yaji, kilishi da daddawa don Rahila. Jami'in ya kwance ledar daddawa, ya ja da baya har ya bugi tebur. Ya kira wani, wannan ma ya kira wani. Na gutsura na ci a gabansu don su ga ba guba ba ce. Wani dattijo a cikinsu ya shinshina, ya faɗi wata magana, duk suka yi dariya, aka ɗaure mini kayana. Kilishin ne dai bai tsallake ba. Daga baya na ji cewa su ma suna da wani cuku da suke binnewa a tukunya cikin ƙasa, warinsa ba ya jin kunyar daddawa.

Rahila tana zaune ne can sama a wani dogon bene, a gidan wata malamar makaranta, Madam Anahit, wadda mijinta ya rasu, da mahaifinta, tsoho Aram. Tun zuwanta suka riƙe ta kamar 'yar cikinsu. Madam tana jin Turanci, tsohon kuwa ko kalma, sai Rahila ta yi mana tafinta. Suka ba ni ɗakin tsohon, shi ya koma kan doguwar kujera, na yi na yi ya ƙi.

Cin abincin farko na fara ba da kunya. Na wanke hannu, na ga wani abu fari-fari an ninke a gefen faranti kamar tsumma, na ɗauka na goge hannuna tas. Rahila ta rufe fuska. Ashe burodinsu ne, siriri kamar mayafi, da shi ake naɗe komai a ci. Kuma suna girmama burodi ƙwarai, ko gutsure ba a yarwa. Tsoho Aram ya karɓi wanda na ɓata, ya yayyaga ya zuba wa tsuntsaye a taga, ya miƙo mini sabo. Suna cin ganye ɗanye, tuli guda, ba dafawa ba miya. Gahawarsu a ɗan ƙoƙo kamar na shan magani, rabinta laka. Sannan ba a cin abinci sai an ɗaga kofin giya an yi wa wani addu'a, iyaye, matattu, baƙo. Ni da na bar burkutu shekaru da yawa, kuma ina dattijon coci, da aka ɗaga don Rahila na kurɓa. Na faɗa wa fasto da bakina, ba sai wani ya kai masa ba.

Abin da ya fi burge ni a garin shi ne 'yan famfunan dutse a bakin titi, ruwa mai sanyi yana tsartuwa sama dare da rana, kowa ya sunkuya ya sha. Da yawa iyalai ne suka gina don tunawa da wanda ya mutu, kamar yadda Musulmin garinmu suke haƙa rijiya sadaka. Rana kuma ba ta son faɗuwa a can, sai ka ji cikinka ya ce dare ya yi, waje kuwa tar.

Da safe tsohon ya ja ni baranda ya nuna mini dutsen Ararat, wanda aka ce jirgin Nuhu ya sauka a kansa, fari a sama, ya cika rabin sararin. Na cire hula. Na ce wa Rahila ta tambaye shi motar ina ake hawa, ina so in taka shi in ɗebo ɗan dutse in kai wa 'yan coci. Ya yi murmushi ya girgiza kai. Dutsen yana cikin ƙasar Turkiyya, iyakar a rufe take. Can bayansa garuruwan kakanninsu suke. Fiye da shekara ɗari da suka wuce aka kashe su da yawa, aka kori sauran, wasu suka faɗo nan, wasu suka watsu duniya. Unguwanni da dama a birnin sunan waɗancan garuruwan aka sa musu, Sabuwar kaza, Sabuwar kaza. Kullum suna kallon dutsen daga tagoginsu.

A ranar Saratu ta kira ni. Ta ce Inna kunu kawai take sha, shi ma sai an yi da gaske. Na ce a kai ta kemis a yi mata allurar ƙarfi. Abin da na iya faɗa ke nan.

Tsoho Aram ɗan majigi ne a zamaninsa. Yakan ɗora injin a mota ya bi ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a nuna fim, kamar yadda aka yi mana muna yara. Da ya ji na san majigi sai muka zama abokai. Ya ce finafinan ƙasarsu, ko na dariya ne, in ka tona za ka tarar da kewar gida a ƙasa. A da, lokacin da suke ƙarƙashin Rasha, ba a cika son a fito da maganar fili ba, sai masu fim su ɓoye ta cikin waƙa, ko cikin tsohuwar da ta yi shiru tana kallon taga. Ya ce ya sha ganin tsofaffi, in an nuno wani kwari ko wata majami'a mai kama da tasu, su taso su zo su shafa ƙyallen. Wata rana har sai da ya tsayar da injin, don wata tsohuwa ta tsaya a gaba ta ƙi matsawa.

Ana jibi bikin Rahila ya ce za a nuna wani ɗan fim da yamma a ɗakin taron unguwa, mu je. Ya sa kwat. Madam ma ta yi kwalliya. Ban tambayi dalili ba.

Ku da kuka san gidan kallonmu na Zuru, kun san wanda bai yi magana ba bai ji daɗin fim ba ne. Ana ba ɗan wasa shawara, ana zagin mugu, ana tafi. Can ba haka ba ne. Ɗakin ya cika, amma ko tari babu.

Fim ɗin tsoho ne, hoton yana rawa. Wani dattijo siriri cikin singileti ya fito baranda da sassafe, ya fuskanci dutsen, ya cire hula, ya fara magana da ƙarfi. Rahila tana raɗa mini a kunne. Gaisuwa yake yi. "Ina kwana, mai niƙa." Sai ya saurara, ya gyaɗa kai kamar an amsa. "Ina kwana, matar maƙeri, ya ƙafar?" Ya saurara. Haka yake bi gida gida. Can sai ya kai kan wani suna, ya ɓata rai, ya kaɗa yatsa, ya juya wa dutsen baya ya harɗe hannu. Rahila ta ce wannan maƙwabcin ne da ya taɓa dukansa don ya saci 'ya'yan itace, ya ce shi ba zai gaishe shi ba. Daga cikin ɗaki kuma muryar mace tana ta faɗa, ya shigo ya sa riga, mutane suna kallo.

Dariya ta ƙwace mini. Ba ƙarama ba, irin ta bariki, har da dukan gwiwa. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da Turancinmu na soja, da ƙarfi, cewa kan tsohon nan ya taɓu.

Rahila ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Ta ce, "Baba, mahaifin tsoho Aram ne. Tsoho Aram ne ya ɗauki fim ɗin da hannunsa. Duk waɗanda yake gaidawa an kashe su. Shi kaɗai ya fita, yana yaro."

Madam Anahit tana gefena na dama, kuma ta ji abin da na faɗa sarai. Ba ta juyo ba. Sauran fim ɗin ban san me aka nuna ba, takalmina na yi ta kallo.

A gida ta ajiye mana abinci ba ta zauna ba. Washegari ta ce wa Rahila kanta yana ciwo, da wuya ta je bikin. Ita ce fa matar da ta yi jinyar ɗiyata lokacin da sanyi ya kwantar da ita, ta ɗinka mata rigar da za ta sa. Rahila ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ce, "Baba, shekara da shekaru ina lallaɓa zamana da mutanen nan." Ba ta ƙarasa ba.

Na yi abin da na sani. Na sami tsohon a baranda, na cire hula, na durƙusa a gabansa har ƙasa. Su ba su san wannan ba. Ya zaci zuciyata ce ta buga, ya riƙe ni yana ƙwala wa Rahila kira, Madam ta fito da gudu da kofin ruwa da ƙwayar magani. Sai da Rahila ta yi musu bayani cewa haka ake ba da haƙuri a wurinmu. Tsohon ya ce to in tashi, gwiwarsa tana ciwo in ya ga mutum a haka.

Ya sa aka kawo gahawa. Ya ce ta bakin Rahila, "Dariyar ba ta dame ni ba. Uwata haka take masa dariya. Shi ma yakan shigo yana dariya, ya ce yau ma bai gaida ɓarawon ba, alhali shi ne ɓarawon. Yanzu kowa kallon fim ɗin yake kamar ana jana'iza. Na daɗe ban ji an yi masa dariya ba."

Madam ta ce da Turanci, tana tsaye a bakin ƙofa, "Amma kakana ba mahaukaci ba ne."

Na ce, "Ba mahaukaci ba ne, Madam. Bakina ne ba shi da linzami."

Tsohon ya tambaya ko a ƙasarmu babu irin waɗannan tsofaffin. Na buɗe baki na ce babu. Allah ya gani, haka na ce. Rahila ba ta fassara ba. Ta dube ni ta ce da Hausa, "Baba, in gaya masa babu, ko in gaya masa maganar Kaka?"

Na ce ta gaya masa. Ta daɗe tana magana da yarensu, na ji sunan Tungan Marke ya fito daga bakinta a tsakiyar maganar da ba na ji. Madam ta jawo kujera ta zauna.

Tsohon ya ce, "Me take so?"

"In kai gawarta can."

"Za ka iya?"

"Ba zan iya ba. Sai in kai mutane a kashe su saboda gawa."

Ya ce, "Nawa uban ma haka ya roƙa. Na ce masa to. Ga shi can a maƙabartar bayan gari."

Na ce, "Wato in yi mata ƙarya?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ban ce ba. Ya san ƙarya nake yi, ya fi ni sanin iyakar a rufe take. Ina ganin so yake ya ji wani a gidan ya ɗauki maganar da nauyi, ba shi kaɗai ba. Taka uwar ban san ta ba. Kai ka san ta."

Madam ta je bikin. Ba ta yi mini magana sosai ba, amma da aka kira sunan Rahila ta fi ni kuka. Ranar da zan taho, Rahila za ta biyo baya sai ta karɓi takardunta, suka rako ni ƙasa, Rahila ta shiga motar don ta kai ni filin jirgi. Motar tana tashi na waiwaya, sai na ga Madam ta watsa ruwa da kofi a bayanmu. A wurinmu wanda aka yi wa haka an ce kada ya dawo ke nan. Na ce wa Rahila, "To, ta rama." Ta ce, "Baba, addu'a ce. Wai hanyarka ta yi sauƙi kamar gudun ruwa. Wanda suke so suke yi wa." Na leƙa ta taga ina ɗaga hannu har muka sha kwana.

Dawowa ba abin faɗa, sai dai a Doha na tambayi hanya tun daga ƙofar farko.

Na iso Rikoto da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta rame har zanen ya yi mata yawa. Saratu tana tuƙa tuwo. Ban shiga ɗaki ba, na ajiye jaka na durƙusa.

"Inna, na dawo."

"Na ji mashin."

Na ce, "Maganar Tungan Marke nake so mu yi."

Muciyar Saratu ta tsaya. Inna ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. In Ubangiji ya kira ki hanya tana yadda take, nan za a sa ki. Amma in hanya ta buɗe ina da rai, zan tono ki in kai ki kusa da Baba. In na riga ki ko ban kai lokacin ba, na ɗora wa Rahila, ta kuma karɓa. Wannan shi ne abin da zan iya."

Kaji suna ta bin tabarmar ba ta kore su ba. Can ta ce, "Ta wace hanya?"

Na ce, "Daga Wasagu mu miƙe ta gindin tsamiya, mu tsallake rafi."

"In da damina ne fa?"



Ta ce, "Rafin nan ya ci jakin kawunka da kaya a kai. Ta bayan dutse ake bi, ta gonar su Gomo, sai ka ga marken farko ka karya hagu. Kuma ba a hannun daman ubanka za ka sa ni ba, can uwarsa take, mun ishi juna tun a duniya." Ta juya wajen murhu. "Saratu, ɗan sammini tuwon nan da miya. Yaron nan zai yar da ni a daji in ban gaya masa ba."

Ta matsa gefe a kan tabarmar ta ce, "Zauna. Daga Wasagu za mu fara."